Saita Allurar Na'urar Faifai: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara taɓa na'urorin faifai masu allura, irin garmaho, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane katirij ne ya fi daɗin sauti, kuma nawa ne kuɗinsa. Da wuya ka ji an tambayi yadda za a zaunar da wanda ke hannu daidai. Alhali sau tari matsalar ba ta katirij ba ce, ta zamansa ce. Na ga mai araha da aka saita da kyau ya doke mai tsada da aka ɗaura da gaggawa, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi damuna ma ba sautin ba ne. Allurar da ta zauna a karkace tana cin faifai sannu a hankali, kuma faifan da mutum ya gada ko ya sha wahala kafin ya samu, idan ya lalace ba kullum ake samun madadinsa ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya koya.

Wai mene ne katirij ɗin, kuma me ake nufi da saita shi?

Shi ne ɗan akwatin nan da ke bakin hannun na'ura. Daga ƙarƙashinsa wani siririn tsinke ya leƙo, a bakin tsinken kuma akwai ƙwayar lu'ulu'u, ita ce allurar. Allurar na bin kwarin faifai, wanda faɗinsa kusan kaurin silin gashi ne, tana karkarwa daidai da lanƙwasar da aka sassaƙa a ciki. Wannan karkarwa ce maganaɗisu da naɗin waya da ke cikin akwatin suke mayarwa 'yar wutar lantarki, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi, ta fito ta sifika.

Kwarin yana da bango biyu da suka haɗu a ƙasa kamar harafin V. Bangon da ke ɓangaren tsakiyar faifai shi ke ɗauke da sautin hagu, na waje kuma sautin dama. Saiti shi ne a tabbatar allura ta zauna tsakanin bangon nan biyu ba ta fifita ɗaya ba: ta fuskanci kwarin a miƙe, ta tsaya a tsaye, ta danna da nauyin da ya dace. Abubuwa biyar ke nan ake gyarawa: nauyi, matsayi da kusurwa a kan faifai, tsayuwar allura idan an kalle ta daga gaba, tsayin hannu, da kuma ƙarfin da ke hana hannu zamewa ciki.

Me ya sa ba za a ɗaure shi kawai a miƙe a huta ba?

Saboda yadda aka yanka faifan ya bambanta da yadda ake karanta shi. Injin da ke yanka faifan asali yana tafiyar da wuƙarsa ne a layi miƙaƙƙe, daga baki zuwa tsakiya, don haka a ko'ina wuƙar tana fuskantar kwarin sak. Hannun na'urarka kuwa a kafe yake a wuri guda, yana shatar baka ne kamar ƙofa a jikin ƙyaurenta. Abin da ke tafiya a baka ba zai taɓa bin miƙaƙƙen layi daga farko har ƙarshe ba. Iyakar abin da lissafi ya yarda da shi shi ne a sami wurare biyu a kan faifai inda allura ta dace sak, sauran wuraren kuma a rage kuskuren iya ragewa.

Dabara biyu ake haɗawa don cim ma haka. Ta farko, ana sa allura ta ɗan zarce turken tsakiyar farantin da ake ɗora faifai idan an kai hannun can, kamar milimita 15 zuwa 18 a hannu mai tsawon inci 9. Ta biyu, ana karkata kan hannun zuwa ciki da digiri ashirin da wani abu. Shi ya sa za ka ga wani hannun a lanƙwashe kamar harafin S, wani kuma miƙaƙƙe amma kansa a karkace. Idan an yi su daidai, kuskuren ba ya wuce kamar digiri 2 a ko'ina. Idan ba a yi ba, sai ya ninka, kunne kuma ya ji.

Malam, faifaina yana daɗi a waƙar farko, amma kafin a kai ta ƙarshe murya ta dishe, harafin "s" yana fesawa. Allurar ce ta mutu?

Wataƙila, amma kafin ka zargi allura ka duba saiti, don wannan ita ce babbar alamar karkacewa. Dalilin yana da daɗin fahimta. Faifai mai inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, daga farko har ƙarshe. A bakin faifai da'irar babba ce, kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 51 a daƙiƙa. Can ciki kusa da takardar suna da'irar ta tsuke, saurin ya faɗo zuwa kusan santimita 21. Waƙa ɗaya ce, amma filin da aka ba ta bai kai rabi ba. Lanƙwasar siririn sauti ta cunkushe, allura na shan wuya kafin ta bi. A nan ne ƙaramin kuskure ke fitowa fili: kuge ya koma kamar ana soya abu a mai, muryar mace ta yi kaushi, kayan busa su cakuɗe.

Akwai ɗan abin da ba ya gyaruwa, don haka halittar faifai take, shi ya sa ma masu shirya faifai da yawa suke ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska. Amma mafi yawan dishewar da mutane ke haƙuri da ita, saiti na kawar da ita.

Waɗanne kayan aiki nake bukata?

Ba su da yawa. Ƙaramar sukudireba da ta dace da sukurorin katirij, hantsaki mai siririn baki don wayoyi, ɗan madubi, gilashi mai ƙara girman abu, fitila mai haske, da ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a cikin ruwa. Sai manya biyu: takardar awon saiti da sikelin nauyin allura.

Sikelin ya zama mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin wanda masu sayar da gwal ke amfani da shi. Sai dai a kula, farantinsa kada ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, don katirij zai fizge shi, awon ya yi ƙarya, wani lokacin ma tsinken ya lanƙwashe. Kuma a auna a tsayin da faifai ke zama, ba sama da shi ba.

Takardar awo ana sayenta, ana kuma saukar da ita daga intanet a buga. A nan na taɓa faɗawa rami. Na kai wani shago aka buga mini, na dawo na shafe maraice guda ina saiti, sauti ya ƙi daɗi. Washegari na ɗora rula a kan layin gwajin da ke gefen takardar, wanda ya kamata ya zama milimita 100, sai na ga 97. Ashe injin ya rage girman shafin don ya shige takarda. Milimita uku cikin ɗari sun isa su rushe aikin duka. Tun daga ranar ba na huda takardar awo sai na auna ta da rula, kuma ina roƙon kowa ya yi haka. Ramin tsakiyar ma a huda shi da tsanaki, ya kama turken ba tare da ya yi sako-sako ba.

Da wanne zan fara?

Fara da teburin. Ɗora ma'aunin magina a kan farantin kansa, ba a kan murfi ko jikin akwati ba, ka duba gaba da baya, hagu da dama. Na'urar da ta jirkice tana jan hannu gefe guda, duk abin da ka gina a kai banza ne. Daga nan ka cire fulogi daga wuta, ka kafe faranti da ɗan tef ko guntun kwali don kada ya motsa, ka mayar da ma'aunin hana zamewa zuwa sifili.

Sai ka bi su a jere: nauyi na wucin gadi, tsayin hannu, matsayi da kusurwa, tsayuwar allura, nauyi na ƙarshe, sannan hana zamewa. Dalilin auna nauyi sau biyu shi ne duk lokacin da ka tura katirij gaba ko baya, ko da milimita ɗaya, nauyin ya sauya. Suna da alaƙa da juna, ka taɓa ɗaya ɗayan ya motsa.

Kuma ka naɗe hannun riga. Allura ta farko da na karya, hannun kaftani ne ya ɗauke ta lokacin da na miƙa hannu zan ɗauki sukudireba. Ban ma ji komai ba, sai gani na yi tsinken ya kwanta gefe. Idan katirij ɗinka na da murfin allura, bar shi a kai duk lokacin da kake ɗaure sukurori ko saka wayoyi.

Ba gara na rage nauyin allura ba don kada ta ci mini faifai?

A'a. Wannan kuskure ne da kyakkyawar niyya ke jawowa, kuma ya ɓata fayafayai da yawa. Allurar da ba ta da isasshen nauyi ba ta manne wa bangon kwarin. Idan kiɗa ya yi ƙarfi sai ta riƙa tsalle tana bugun bangon, lu'ulu'u yana karo da roba, kuma ka san wanda zai ji ciwo. Ɓarnar da wannan ke yi ta fi ta ɗan ƙarin nauyi nesa ba kusa ba.

Kowane kamfani yana faɗin iyakar nasa. Audio-Technica VM95E tsakanin giram 1.8 ne da 2.2, ana so a tsaya a 2.0. Ortofon 2M Red kuma giram 1.8. Ka tsaya a abin da suka ce, ko ka ɗan haura cikin iyakar, kada ka sauka ƙasa da ita.

Yadda ake yi: ka juya ƙarfen nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya yana lilo a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sai ka riƙe ƙarfen, ka juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili. Daga nan ka juya su tare har lambar da kake so. Zoben nan kimantawa kawai yake yi, a tsofaffin na'urori musamman, don haka sikeli ne alƙali. Masu ɗora kwabo a kan hannu don ya daina tsalle kuwa, ciwon suke rufewa ba magani suke yi ba.

To, yaya ake amfani da takardar awon?

Wadda ta fi yawa ita ce mai ɗigo biyu, kowane ɗigo da layuka a kewaye da shi. Ka sassauta sukurori biyun har katirij ya iya motsi idan ka tura shi, amma ba ya zamewa da kansa. Ka saka takardar a turke, ka juya faranti har ɗigon waje ya zo ƙarƙashin allura, ka sauke ta a tsakiyar ɗigon da sandar ɗagawa. Yanzu ka sunkuyo, idonka daidai gaban katirij, ka duba ko ya yi daidai da layukan. Idan bai yi ba, ɗaga hannu tukuna, sannan ka murɗa shi kaɗan. Kada ka taɓa murɗa katirij allura na kan takarda.

Da ya daidaita a waje, ɗaga, juya faranti, ka sauke a ɗigon ciki. Galibi za ka tarar ya karkace. Kada ka murɗa shi a nan, don karkatar tana gaya maka ne cewa tsawon bai yi ba. Tura katirij gaba ko baya kamar rabin milimita, ka koma ɗigon waje ka sake daidaita kusurwa, sannan ka dawo ciki. Idan karkatar ta ragu, kana kan hanya. Idan ta ƙaru, koma ɗaya ɓangaren. Haka za ka yi ta kai da komo har ɗigo biyun su yarda a lokaci guda. Karon farko yana iya cin sa'a guda, kuma ba laifi.

Ɗaure sukurori ma aiki ne. Ka ɗaure wannan kaɗan, ka ɗaure wancan kaɗan, don idan ka gama da ɗaya gaba ɗaya zai murɗe katirij ɗin ya ɓata abin da ka yi. Su kama sosai amma ban da ƙarfin tuwo, jikin katirij da yawa roba ne. Bayan ka ɗaure, sake duba ɗigo biyun.

Akwai wata takardar mai zanen baka, wadda ake bugawa don hannu guda takamaimai. Da ita sai ka sa allura ta bi bakan daga farko har ƙarshe, sannan ka gyara kusurwa. Ta fi sauri, amma sai ka san ainihin tazarar da ke tsakanin gindin hannunka da turken tsakiya.

Ina ganin sunaye uku, Baerwald, Löfgren da Stevenson. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne, kowanne da inda ya zaɓi ya ajiye kuskuren da ba makawa sai an yi. Erik Löfgren ne ya fara fitar da lissafin a 1938, H. G. Baerwald ya biyo da nasa a 1941, J. K. Stevenson kuma a 1966. Bambancin yana wurin ɗigo biyun nan, ana aunawa daga tsakiyar faifai.

Na Baerwald, wanda ake kuma kira Löfgren A, yana da ɗigo a milimita 66.0 da 120.9. Yana raba gurɓacewar daidai wa daida tsakanin farko, tsakiya da ƙarshen faifai. Löfgren B na ajiye su a 70.3 da 116.6, tsakiyar faifai ta fi tsabta amma farko da ƙarshe su ɗan biya kuɗin. Stevenson ya kai ɗigon ciki har 60.3, wato daidai inda kwarin ƙarshe ke iya kaiwa, na waje kuma 117.4. Wannan ya dace da fayafayan da aka cika maƙil har kusa da takardar suna, irin na kiɗan gargajiyar Turai da kan ƙare da ƙara mai ƙarfi.

Ni Baerwald nake amfani da shi, kuma shi nake ba wanda ya tambaye ni. Amma gaskiyar magana, na ga mutane suna kwana suna gardama a kan sunayen nan uku alhali katirij ɗinsu ya kauce da digiri biyu. Tazarar da ke tsakanin tsarin uku ƙarama ce idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin aikin da aka yi da kyau da wanda aka yi da ka. Zaɓi ɗaya, ka yi shi sosai.

Technics SL-1200 gare ni, ta zo da wani farin ma'auni na roba. Ya isa?

Ya isa ƙwarai. Ma'aunin yana sa tazarar da ke tsakanin bakin allura da gindin mariƙin katirij, wato kan hannun da ake ɗaure shi a jiki, ta zama milimita 52. Da haka hannun ke samun tsawon aiki na milimita 230, zarcewa 15, kusurwa digiri 22, kamar yadda kamfanin ya tsara. Ka dai tabbatar katirij ya zauna a miƙe cikin mariƙin.

In kana son Baerwald a kan wannan na'ura, sai ka tura katirij gaba da kusan milimita 3, ka kuma murɗa shi ciki da abin da bai kai digiri 2 ba. Zai yi kama da ya karkace a cikin mariƙinsa. Kada wannan ya dame ka, haka ya kamata ya kasance.

Jikin katirij zan daidaita da layuka ko tsinken?

Tsinken. Shi ke riƙe da allura, jiki sutura ce kawai. A yawancin katirij masu kyau su biyun sun dace, sai aikin ya zo da sauƙi. Amma ba kullum ba. Wani jikin ma ba shi da gefe miƙaƙƙe da za ka bi. Nan ne takardar awo mai madubi ke da amfani: idan tsinken da hotonsa da layin suka hau kan juna, ka san idonka ma a daidai yake. Idan sabon katirij ya zo da tsinke a karkace har ido na gani ba wahala, mayar da shi, kada ka ce za ka miƙe shi da hannu.

Mene ne azimut?

Tsayuwar allura ce idan ka kalle ta daga gaba. Ya kamata ta tsaya cak, ba ta jingina hagu ko dama ba. Idan ta jingina, sautin hagu ya riƙa yoyo cikin dama, mawaƙin da ya kamata ka ji a tsakiyar ɗaki ya koma gefe ko ya bazu. Ɗora siririn madubi a kan faranti, ka sauke allura a kai a hankali, ka duba daga gaba. Allura da hotonta su zama layi ɗaya. Mariƙin da ake cirewa yakan ɗan juyu a wuyansa, wasu kuma suna da sukurun gyara. Masu son tabbaci suna amfani da faifan gwaji mai sautin 1 kHz a ɓangare guda, su auna yoyon da ke shiga ɗaya ɓangaren har biyun su zo daidai. Ga yawancinmu madubi ya wadatar.

Tsayin hannu fa? Na ji ana cewa VTA na sauya komai.

VTA ita ce kusurwar da tsinken ke yi da fuskar faifai idan an kalle shi daga gefe, kuma tsayin hannu ne ke sauya ta. An zuzuta ta fiye da kima. Ka ɗora faifai, ka sauke allura, ka kalli hannun daga gefe. Idan saman katirij ya yi daidai da fuskar faifai, bai ɗaga gaba ko baya ba, ka kai inda kamfanin ya nufa. Katin da aka ja wa layuka, a tsayar da shi bayan hannun, yana taimakon ido.

Masu zurfafawa suna neman allura ta ɗan jingina ta ba da digiri 92 da fuskar faifai, har da na'urar hangen ƙananan abubuwa. Ga lissafin da zai kwantar maka da hankali: a hannu mai milimita 230, kafin kusurwar ta sauya da digiri ɗaya sai ka ɗaga gindin hannu da milimita 4. Don haka wanda ya ce yana sake saiti tsakanin siririn faifai da mai kauri, ɗan ɓarin digiri yake bi. Idan gindin ya yi sama da yawa sauti kan yi tsini, idan ya yi ƙasa da yawa ya yi nauyi ya dushe. Hannayen kamfanin Rega ba su da sukurun tsayi, sai dai a sa musu zobe a ƙarƙashi idan katirij ɗin dogo ne.

Me ya sa hannu ke son gudu ciki, kuma nawa zan sa a maganinsa?

Gogayyar allura da kwari tana jan allurar gaba, kuma da yake kan hannun a karkace yake, wani kaso na jan yana komawa ya tura hannu zuwa tsakiya. Allura sai ta danne bangon ciki, ta sassauta wa na waje. Maɓallin da aka rubuta wa anti-skating, ko ɗan nauyin nan da ke rataye da zare, shi ke ja baya don a daidaita.

Fara da lambar da ta yi daidai da nauyin allura: giram 2, lamba 2. Sannan ka saurari wuri mai ƙarfi a waƙa. Idan sifikar dama ce ke fara karkarwa, ƙara. Idan ta hagu ce, rage. Ka kuma duba tsinken daga gaba lokacin da allura ke sauka: idan yana kaucewa gefe, akwai gyara. Ba za ka taɓa samun lamba ɗaya da ta dace da ko'ina ba, don ƙarfin jan yana sauyawa da ƙarfin kiɗa da wurin da allura take. Gwajin da ake yi da faifai mai santsi marar kwari kuwa kada a dogara da shi, don a can ƙasan allura ne ke gogayya, a cikin kwari kuma gefunanta ne.

Wayoyi huɗun nan sun rikita ni.

Fari hagu, shuɗi abokinsa. Ja dama, kore abokinsa. Riƙe su da hantsaki ta wurin ƙarfen bakin, ba ta jikin waya ba. Idan bakin ya yi sako-sako, zura tsinken sakace a ciki ka ɗan matse, don kada ya rufe gaba ɗaya. Kada ka kusanto da ƙarfen like waya mai zafi jikin katirij, zai narkar da siraran wayoyin ciki.

Siffar allura tana sauya yawan kulawar da ake bukata?

Sosai. Mai zagayayyen baki ita ce mai haƙuri, tana yafe ƙaramin kuskure, amma ba ta iya shiga matsattsiyar lanƙwasar cikin faifai. Mai siffar ƙwai ta fi ta bin sawu. Sai masu siririn gefe irin Shibata, wadda aka ƙirƙiro a kamfanin JVC na Japan a farkon shekarun 1970 don fayafayai masu sauti huɗu, da MicroLine. Waɗannan su ne maganin dishewar ƙarshen faifai, amma ba sa yafiya. Siririn gefen nan dole ya fuskanci bangon daidai, in ba haka ba ka biya kuɗi mai yawa ka sami sautin da bai kai na mai araha ba. Wanda bai shirya zama ya yi saiti ba, gara ya tsaya a mai siffar ƙwai.

Tawa na'urar ba ta da wurin gyara ko ɗaya. Yaya zan yi?

Wasu haka aka yi su. Audio-Technica LP60 katirij ɗinta a kafe yake, allura kawai ake sauyawa. Masu tsarin P-mount, wanda Technics ya kawo, ana zura katirij ne a ɗaure da sukuru ɗaya, nauyin kuma an tsayar da shi a giram 1.25. Akwai kuma masu hannun da ke tafiya a miƙe kamar injin yanka, irin Beogram 4000 ta 1972 da Technics SL-10 ta 1979, waɗanda ba ruwansu da ɗigo biyu. A duk waɗannan aikinka shi ne daidaita teburi, tsabta, da sabunta allura a kan kari. 'Yan ƙananan nan masu kama da jaka, masu sifika a jiki, su kam suna danna faifai da nauyi mai yawa, ban ba da shawarar a ɗora musu faifan da ake ji da shi ba.

Na yi duk wannan, amma har yanzu akwai faifan da ke karkarwa.

Gwada wani faifan da ka san lafiyarsa. Idan shi ya fito tas, to na farkon ne ya riga ya ciwu a hannun wata allurar tun da daɗewa, kuma saiti ba ya mayar da abin da aka kankare. Wani lokaci allura mai siririn gefe tana taɓa sashen bangon da tsohuwar ba ta kai ba, sai a sami sauƙi.

Idan duka ne ke yi, duba bakin allura da gilashi. Lokacin hunturu ƙura da busasshiyar iska suna sa faifai ya riƙa jan datti, kafin fuska ɗaya ta ƙare allura ta tara ƙwallon auduga ta daina taɓa kwarin. Share ta da burushi mai laushi daga baya zuwa gaba, hanyar da faifai ke bi, ban da gefe zuwa gefe. Allura kuma tana da wa'adi, sa'o'i ɗaruruwa ne zuwa kamar dubu gwargwadon siffarta. Na'urar da ka saya ta hannu, ɗauka cewa allurarta ta ƙare, ka sauya kafin ka ɗora mata faifai mai daraja.

Idan kuwa murya ce ta yi kauri waƙa na jan ƙafa, wannan ba katirij ba ne. Ko bel ɗin da ke juya faranti ya saki, ko kuma na'urar an yi ta ne don Amurka, inda wuta ke bugawa sau 60 a daƙiƙa (60 Hz), tamu kuwa 50 ce. Injin da ke bin bugun wuta zai juya faranti kusan sau 28 a minti maimakon 33 da sulusi, sai an sauya masa ɗan gargaren da bel ke hawa.

Tsofaffin fayafayan garmaho masu juyawa sau 78 a minti fa, wannan saitin ya ishe su?

Saitin ya yi, allurar ce ba ta yi ba. Kwarinsu ya fi faɗi sosai, suna bukatar allura mai kaurin da ya kai kusan ninki huɗu na ta faifai mai gudun 33 da sulusi. Idan ka sa ta zamani za ta nutse har ƙasan kwarin ta riƙa kwaso shara, ita ma ta lalace. In hannunka mai mariƙin cirewa ne, ka ware mariƙi guda da katirij ɗinsa don su kaɗai, ka rubuta nauyinsa a ɗan tef ka manna.

Sau nawa zan riƙa sake dubawa?

Bayan sa'o'i ashirin zuwa talatin na farko da sabon katirij, sake auna nauyi ka duba tsayi, don robar da ke riƙe tsinken takan ɗan saki ta zauna. Daga nan sai idan ka sauya katirij ko shimfiɗar faranti, ko ka ɗauke na'urar zuwa wani ɗaki, ko wani ya bugi hannun. Sauya allura kaɗai irin ta da ba ya bukatar sabon saiti, nauyi kawai za ka tabbatar. Ni nakan ajiye ƙaramar takarda a ƙarƙashin na'ura, in rubuta ranar da na sa allura, nauyin da na tsayar, lambar hana zamewa, da tsarin da na bi. Ranar da sauti ya sauya mini, ita nake fara ɗaukowa kafin sukudireba.